Stover Kulp, Baturen da ya fara da gindin tsamiya a Garkida

Kwanakin baya wata ƴar kasuwa a nan Tarka, wadda ke saro atamfa daga Kano, ta tare ni ranar kasuwa da wata tambaya. Ta ce a tashar mota a Kano ta ga wasu mata sun yi anko da zane iri ɗaya, an buga haruffa uku a jikinsa, EYN, suna rera waƙoƙin coci da Hausa tsantsa, kuma da suka buɗe ƙullin abincinsu sai da suka miƙo mata. Tana son ta san ko su wane ne. Na yi mata alkawarin amsa, sai dai labarin ya fi ƙarfin minti goma na shirin rediyo, shi ya sa na kawo shi nan.

Haruffan nan suna nufin Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya, wato wata ɗarika ta Kirista da ke da ƙarfi a kudancin Barno da arewacin Adamawa, wajen Biu, Garkida, Lassa, Cibok, Micika da Mubi. Duk wanda ya nemi tushenta, dole ya ci karo da sunan mutum guda, Harold Stover Kulp, Ba'amurke, wanda ya shekara kusan arba'in da biyu yana aiki a wannan yanki.

An haifi Kulp a ranar 29 ga Satumba 1894 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, a gidan manoma. Ya yi makarantar horon malamai, ya taɓa koyarwa, sannan ya wuce kwalejin Juniata, wadda ta ɗarikarsu ce, ya gama a 1918. Ya riƙe aikin fasto, har a birnin Filadelfiya, kuma a 1921 ya auri Ruth Royer. Mutum ne da in ya so zai yi zamansa cikin rufin asiri a garinsu. Amma kafin mu bi shi zuwa Afirka, ya kamata mu san irin gidan da ya tashi a ciki, domin ba za a gane aikinsa ba in ba a san mutanensa ba.

Ɗarikar Ƴan'uwa ta samo asali ne a ƙasar Jamus a 1708, a wani ƙauye da ake kira Schwarzenau. A wancan zamani sarkin kowace ƙasa shi ke zaɓar wa talakawansa cocin da za su bi, wanda ya ƙi kuwa sai tara, ko kurkuku, ko kora. Wani mai niƙan hatsi, Alexander Mack, da wasu mutum bakwai suka ce su ba su yarda a yi tilas a cikin addini ba. Su takwas ne, maza biyar, mata uku. Suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, alhali doka ta haramta a sake yi wa babba. Hujjarsu ita ce jariri bai san abin da ake yi masa ba, sai mutum ya mallaki hankalinsa ya zaɓa da kansa. Da matsi ya yi yawa sai suka yi ƙaura, kashi na farko ya sauka Amurka a 1719, Mack kuma ya bi baya da sauran a 1729.

Ba su rubuta wata doguwar takardar aƙida ba, sun ce Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki ya ishe su. Abin da aka san su da shi hali ne. Ba sa ɗaukar makami, ko da gwamnati ce ta kira su yaƙi. Ba sa kai ɗan'uwa gaban alƙali. In saɓani ya shiga, sai ka fara samun mutumin ku biyu, in bai yiwu ba ka ɗauki shaida ɗaya ko biyu, in ya faskara a kai gaban jama'a. Kuma suna da wani taro da suke kira liyafar ƙauna, inda kowa ke durƙusawa ya wanke ƙafar na kusa da shi, mai gona ya wanke ta ɗan ƙodagonsa, sannan a ci abinci tare.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina, kuma na san zai ɗauki na ƴan kasuwa, shi ne batun rantsuwa. Ba sa rantsewa sam, ko a kotu. A ganinsu, wanda sai ya rantse ake yarda da shi, to ya nuna ke nan maganarsa ta yau da kullum ba abar riƙewa ba ce. Saboda haka aka san manomansu da ƴan kasuwarsu a Pensilbaniya da cewa bakinsu ya kai takarda. In ya ce saniyar nan tana ba da nono kaza, haka ne. In ya ce zai biya bayan girbi, zai biya. Ku auna wannan da abin da kunnuwanmu ke ji a kasuwar hatsi ko ta bisashe, inda ake jawo sunan Allah sau goma a kan tiya ɗaya ta hatsi, mai saye kuma bai fasa duba gindin tiyar ba. Ba wa'azi nake yi ba, ni ma na sha rantsewa a kan kuɗin takalmi.

A 1782 babban taronsu na shekara ya yanke cewa ɗan ɗarika ba zai sayi bawa ko ya riƙe shi ba. Wannan kuwa shekara tamanin da ɗoriya ke nan kafin Amurka ta soke bauta, a lokacin da ayarin fatake ke ratsa Damargu daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, da ƴan Adam a cikin hajarsu. Wani bawa da aka ƴanta, Samuel Weir, ya zama mai wa'azi a cikinsu a 1849. Amma kada a ɗauka sun wanke sarai, domin baƙar fata ba su taɓa yawa a cocinsu na Amurka ba, kuma Weir ya yi aikinsa ne galibi a tsakanin baƙaƙen fata ƴan'uwansa.

Haka batun mata. Duk da cewa da mata aka kafa ɗarikar, maza ne suka riƙe mumbari. Wata mai suna Sarah Major ta fara wa'azi tun tana budurwa, babban taro na 1834 ya nuna rashin amincewa, aka tura dattawa su hana ta. Labarin da suke bayarwa shi ne, da dattawan suka zauna suka saurare ta, sai suka kasa buɗe baki, don sun ga ta fi su iyawa. Ta ci gaba da wa'azinta har tsufa. Sai a 1958 aka ba mata cikakken izinin zama fasto a cocin na Amurka.

To, a cikin wannan tarbiyya Kulp ya tashi. A ƙarshen Disamba 1922 shi da abokinsa Albert Helser suka sauka Legas, suka bar matansu a baya. A shekarar ce Faransa ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka, da hedikwata a Zinder. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Jos, daga nan sai dawaki da ƴan dako, makonni suna tafiya gabas har ƙasar Biu. Sun nufi Burawa ne, manoma masu bin addinin gargajiya, waɗanda ba su da makarantar boko ko ɗaya, ba su da likita.

Turawan Ingila ba su yi murna da zuwansu ba. Tsarinsu shi ne kada ƴan mishan su shiga ƙasar sarakunan Musulmi, kuma sarautar Biu ta Musulmi ce, ko da yake yawancin Burawa ba Musulmi ba ne a lokacin. Aka hana su zama a Biu, aka bar su su sauka a Garkida, wani ƙauye a bakin kogin Hawul. Ko bayan sun sauka, jami'an lardin Barno sun yi ƙoƙarin tashin su, sai da maganar ta kai ga Gwamna Hugh Clifford kafin suka sami zama. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya, tare da ƴan ƙwadagon da za su haƙa musu harsashin gini. Wannan rana ce EYN ke ƙirgawa a matsayin ranar haihuwarta.

Shekarun farko sun yi ɗaci. Zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Helser, Kulp ne ya yi jinyarsa. A ƙarshen 1923 matansu suka iso, aka buɗe makaranta a watan Disamba. Ba a yi shekara ba, a watan Yuni 1924, Ruth ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. A Garkida aka binne su. Kulp bai cika shekara talatin ba a lokacin. Da ya tattara kayansa ya koma gida, babu wanda zai zarge shi, amma ya zauna. Asibitin da aka gina a Garkida sunan Ruth aka sa masa. A 1926 ya auri Christina Masterton, ƴar Sikotland, wadda ita ma ta taɓa aikin mishan a Afirka, suka zauna tare har rasuwarta a 1952.

Abin da ya fara sa wa gaba shi ne harshe. Ya zauna da tsofaffi ya koyi Buranci, shi da abokan aikinsa suka tsara yadda za a rubuta shi, suka fitar da littattafan koyon karatu da sassan Linjila. Yaro ya fara karatu da harshen uwarsa kafin a kai shi ga Turanci. Mu da muka shiga lakwal aka fara mana da Faransanci tun ranar farko, ana rataya wa wanda ya yi Hausa alamar kunya a wuya, mun san bambancin. A 1927 ya matsa gabas zuwa Lassa, ƙasar Margi, ya sake zama ɗalibi, ya koyi Marganci daga tushe.

Ga mai son lissafin riba, cinikin bai yi sauri ba. Sai a 1927, bayan shekara huɗu, aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma. Dalili kuwa a bayyane yake. Mutanen da suka kafu a kan cewa babu tilas ba za su iya tara jama'a su tsoma su a ruwa don a aika da adadi mai yawa gida ba. Magani da makaranta na kowa ne, ko ka shiga ko ba ka shiga ba. Ba na cewa ba su da manufa. Kulp ya zo ne don ya yaɗa addininsa, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma makaranta da asibiti ƙofofi ne na wannan manufa. Musulmin yankin sun san haka, wasu suka hana ƴaƴansu zuwa, wasu suka karɓi allura suka koma masallacinsu.

Inda aikin ya fi nuna halin ɗarikar shi ne wajen kutare. Kowa ya san matsayin kuturu a ƙasashenmu a wancan zamani: bakin kasuwa, ƙoƙon bara, ba a cin abinci da shi, ba a ba shi hannu. A 1929 mishan ɗin ya buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida, tare da taimakon wata ƙungiyar Amurka mai kula da masu wannan cuta. Ba ɗakin kwanciya kawai aka yi ba, gari aka kafa, da gonaki, da makaranta, da wurin koyon sana'a. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa, ƙabila daban daban, Musulmi da masu gargajiya, wasu da ƙafa suka yi kwanaki. Maganin farko allurar wani mai ce da ake samu daga ƴaƴan wata itaciya ta ƙasar Indiya, mai zafi, mai jinkirin aiki. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka sami ƙwayar dapsone, wadda ta sa aka fara sallamar mutane da yawa sun warke.

Abin da ya biyo baya ko su Kulp ba su tsara shi ba. Waɗanda suka warke suka koma ƙauyukansu sun iya karatu da rubutu, sun iya ɗaurin miki da ba da magani. Mutumin da aka kora da ƙoƙo ya dawo shi ne malamin gari. Da yawa daga cikin coci-cocin farko a ƙauyukan yankin, tsofaffin kutare ne suka kafa su, ba Turawa ba. Ku tuna kuma da liyafar nan ta wanke ƙafa. A irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne mutum mai lafiya ya durƙusa gaban ƙafar da kuturta ta cinye yatsunta.

Helser ya rabu da su a 1936 ya koma mishan ɗin SIM, wanda mu a Nijar muka fi sani, tunda shi ne ya sauka Zinder a 1924, kuma shi ya gina asibitin Galmi a 1950. Kulp ya ci gaba da jan ragama. Aka buɗe Marama, aka buɗe Cibok a 1941, daga baya Gulak, Shafa, Mubi da Uba, aka kafa makarantun Waka kusa da Biu a 1952 don horar da malamai. Ƴan mata ma an sa su a aji, abin da iyaye da yawa suka daɗe suna turjewa a kai.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abu da makiyayanmu za su so ji. Wani ɗan wannan ɗarika, Dan West, ya je rabon madara ga yara a lokacin yaƙin basasar Sifen. Ya ga kofin madara yana ƙarewa yau, gobe a sake layi. Sai ya kawo shawarar a riƙa ba iyali karsana, da sharaɗin in ta haifi mace su miƙa wa wani gida. A 1944 aka tura karsana 17 na farko zuwa tsibirin Puerto Rico, abin ya girma har ya zama ƙungiyar Heifer ta duniya. Duk wanda ya zauna da Fulani a Damargu ya san habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dukiya aron saniya ya riƙe ƴaƴanta. Turawa sun isa wurin da dogon tunani, makiyayanmu sun gada ne.

Yayin da cocin ya haɗa Bura, Margi, Kibaku na Cibok, Kamwe, Kilba da sauransu, sai aka rasa harshen da zai haɗa su in ba Hausa ba. An riga an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Shi ya sa sunan cocin ya zama na Hausa, waƙoƙinsa da yawa na Hausa, ƙungiyar matansa kuma ake ce mata Zumuntar Matan Ekklesiya. Su ne masu ankon da ƴar kasuwarmu ta gani a tasha.

Inda za a iya kama Kulp da tsararsa shi ne jinkirin sakin ragama. An shekara kusan talatin kafin a naɗa fastoci ƴan ƙasa, kuma jakar kuɗi ta daɗe a hannun Turawa. Mutanen da ke wa'azin cewa kowa ɗaya ne sun zauna a gidaje masu kwano a kan tudu, ƴan'uwansu na ƙasa a bukkoki. Shi kansa ya yi aiki don a miƙa, ya sa hannu wajen kafa makarantar horar da shugabannin coci, wadda yanzu take Kwarhi kusa da Mubi kuma take ɗauke da sunansa. Amma bai ga ƙarshen abin ba. Ya koma Amurka a 1964, ya rasu a watan Oktoba na shekarar, yana da shekara 70. Sai a 1972 cocin ya tsaya da ƙafarsa.

Shekara biyar bayan rasuwarsa sunan Lassa ya zaga duniya ta hanyar da ba a so. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ɗin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, aka kai ta Jos ta rasu. Daga nan aka sa wa cutar suna zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta hanyar abincin da ya taɓa. Masu ajiyar hatsi da gari a rumfa, a rufe kwano.

Yau ƴar ta fi uwar girma. Mabiya EYN sun ninka na cocin Amurka sau da yawa, kuma ba a kan komai suke tafiya tare ba. Cocin Najeriya ya daɗe bai naɗa mata fastoci ba, ko da yake mata ne ƙarfinsa. Na Amurka kuwa ya sha gardama a kan wanda za a ɗaura wa aure da wanda za a ba mumbari, har wasu ikilisiyoyi suka ɓalle suka kafa tasu a wajen 2020.

Aƙidar ƙin ɗaukar makami kuwa, a ƙasar da Kulp ya yi aiki ta gamu da jarrabawarta mafi tsanani. Ranar 14 ga Afrilu 2014 Boko Haram ta kwashe ƴan mata 276 daga makarantar Cibok, kuma mafi yawansu ƴaƴan EYN ne. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara mayaƙan suka mamaye hedikwatar cocin a Kwarhi, shugabanni suka gudu Jos. An ƙona coci-coci masu yawa, an kashe dubban mabiya, kamar yadda aka kashe dubban Musulmi maƙwabtansu. Akwai matasan da suka ce haƙuri ya isa, kuma mutum ba zai yi mamaki ba. Amma shugabannin cocin, ƙarƙashin Samuel Dali, sun tsaya a kan cewa ba za a yi ramuwa ba. Matarsa, Rebecca Dali, ta riƙa rabon abinci da jari ga zawarawa da marayu ba tare da tambayar addininsu ba, abin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Wani ma'aikacin cocin, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku kusa da Abuja, inda ƴan gudun hijira Musulmi da Kirista suka gina gidaje a unguwa ɗaya.

A watan Fabrairu 2020 maharan suka shiga Garkida kanta suka ƙona coci-coci da gidaje. Jama'a suka dawo suka share toka, suka ci gaba da taruwa. A watan Maris 2023 EYN ta yi bikin cika shekara 100, tana ƙirgawa daga ranar da Kulp da Helser suka tsaya a gindin tsamiyar nan da ƴan ƙwadagonsu.